ƘYALLIN DA YA TONA ASIRIN ATAM: DARASI DAGA WATA TSOHUWAR MASANA'ANTA A BOMPAI

Jawabin da ɗaya daga cikin 'ya'yan ƙungiya, ma'aikaci a gwamnatin jiha, ya gabatar a taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai



Da farko ina miƙa godiyata ga kwamitin shirye-shirye da ya ga dacewar in tsaya a gaban wannan taro mai albarka. Da sakatare ya aiko mini da takardar gayyata, sai da gabana ya faɗi, domin kuwa a cikin zauren nan akwai malamin da ya taɓa ba ni maki 9 cikin 40 a jarrabawar Fiziks ta aji biyar, ga shi kuma yau an ce in yi magana a kan Fiziks ɗin yana zaune yana saurare. To Malam, in na yi daidai ladan naka ne, in na yi kuskure kuma a yi mini afuwa, a bar bulalar a ofis.

ABIN DA NA GANI A BOMPAI

Kamar yadda wasunku suka sani, aikina ya shafi zagaya masana'antu domin duba lafiyar muhalli. Saboda haka kusan kullum ina tsakanin Bompai da Sharada da Challawa. Yawancin abin da muke fama da shi sananne ne: ruwan majemu mai ɗauke da sinadarin kuromiyam, da rinin masaƙu, da hayaƙi, da dagwalon da ke gangarawa rafin Getsi ya haɗe da Jakara, ko wanda ke bin Salanta ya faɗa kogin Challawa. Wannan duk hanci ma yana shaida shi tun kafin ido ya gani.

Amma a shekarar 2022 na ci karo da wani abu wanda ba shi da wari, ba shi da launi. An tura mu wata tsohuwar masana'antar roba a Bompai wadda ta daɗe a rufe, masu ita sun sayar wa 'yan gwangwan da injunan. Muka tarar da samari sun duƙufa da guduma da zarto da wutar walda, suna daddatsa ƙarafa suna lodawa a mota. Ina cikin zagayawa sai idona ya kai kan wani ɗan akwatin ƙarfe da bai wuce bulo girma ba, an ɗaure shi a saman injin da ke shimfiɗa leda. A jikinsa akwai wata alama da ta koɗe: fukafukai uku kamar na fanka a kan rawayar farantin ƙarfe. Wani yaro da bai fi shekara 15 ba yana ƙoƙarin kwance shi, wai ya ji yana da nauyi, ƙila akwai darma a ciki.

Na daka masa tsawa ya ja da baya. Maigidansu ya taso yana cewa, “Yallaɓai, lafiya? Ai mun biya kuɗin kayan nan.” Na ce masa, “Alhaji, ka yi haƙuri, wannan akwatin ba na sayarwa ba ne, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa.” Muka kewaye wurin da igiya, muka sanar da hukumar da abin ya shafa.

Shi wannan akwati ma'aunin kauri ne. A cikinsa akwai ɗan ƙanƙanin sinadari mai fitar da tururin nukiliya irin wanda ake kira beta. Leda tana wucewa tsakaninsa da wata na'urar ƙirga. In ledar ta yi kauri sai tururin da ke ratsa ta ya ragu, in ta yi shara-shara sai ya ƙaru, ta haka injin ke daidaita kansa. Ana amfani da irin wannan a masana'antun roba da takarda da masaƙu a ko'ina cikin duniya. Matsalar ita ce tsatsa ta cinye rubutun da ke faɗin wane sinadari ne a ciki. Ga shi kuwa amsar tana da muhimmanci ƙwarai, kamar yadda za mu gani. Yadda masana suka gano amsar shi ne maƙasudin jawabina.

MENE NE BETA?

Bari mu ɗan koma aji. Kowane atam yana da ƙwaya a tsakiyarsa mai ƙunshe da furoton da niyutiron. Yawan furoton shi ke faɗin sunan sinadari. Amma yawan niyutiron yakan bambanta, sai a sami 'yan gida ɗaya masu suna ɗaya, nauyinsu daban. Su ake kira aisotof. Wasunsu suna zaune lafiya har abada, wasu kuwa ba su da natsuwa, sai sun amayar da wani abu sannan su huta. A irin amayarwar da ake kira beta, niyutiron ɗaya ne ke rikiɗa ya koma furoton, nan take ilektiron ya fito a guje. Wannan ilektiron shi ne beta.

Kowane aisotof yana da abin da ake kira rabin-rai, wato tsawon lokacin da rabin atam ɗinsa za su rikiɗa. Na kabon-14 shekara 5,730 ne. Da shi aka gano cewa kwalekwalen nan da wani makiyayi ya tono a Dufuna ta Jihar Yobe a 1987 ya kai kimanin shekara 8,000.

Henri Becquerel ne ya gano wannan tururi a Faransa a 1896, yana aiki da gishirin yuraniyam, irin ma'adinin da 'yan uwanmu na Nijar suka fara haƙowa a Arlit a 1971. A 1899 Ernest Rutherford ya raba tururin ya sa wa kashi biyu suna alfa da beta. Daga baya aka ƙara na uku, gama.

ƁATAN KUƊI A HANNUN ƊAN AIKE

Nan ne labarin ya yi daɗi. Kowane irin atam yana da ƙayyadadden ƙarfin da yake saki in ya rikiɗa. Don haka masana suka zaci duk beta da ya fito daga aisotof ɗaya zai fito da ƙarfi iri ɗaya, kamar yadda alfa ke yi. Sai ga shi a 1914 James Chadwick ya auna ya ga ba haka abin yake ba. Wani beta ya fito da ƙarfi kaɗan, wani matsakaici, wani da yawa, amma akwai iyakar da babu wanda ke tsallake ta.

Ku ɗauka wani attajiri a Kantin Kwari kullum yana aiko maka da naira 1,000. Yau ɗan aike ya kawo 300, gobe 650, jibi 120, wata rana can ya kawo 990, amma bai taɓa kawo abin da ya haura 1,000 ba. Ko dai attajirin ba ya cika alkawari, ko kuɗin na zubewa a hanya, ko kuma akwai wanda ake rabawa da shi a ɓoye.

An bi duk waɗannan hanyoyi. A 1927 Ellis da Wooster a Kambirij suka rufe wani aisotof na bismut a cikin mazubi mai kauri, suka auna zafin da yake bayarwa, domin in ƙarfin zubewa yake yi a hanya, to dole ya bayyana a matsayin zafi. Sai suka sami kusan sulusin iyakar kawai. Ashe ba zubewa yake yi ba. Abin ya dami manyan masana har Niels Bohr ya fara tunanin ko ƙa'idar nan da Malam ya sa muka haddace, cewa makamashi ba ya ɓacewa sai dai ya sauya kama, ba ta aiki a cikin atam.

Ranar 4 ga Disamba 1930 Wolfgang Pauli ya rubuta wa wani taron masana wasiƙa ya ce akwai abokin rabo: wata ƙwaya marar caji, mai ƙanƙantar nauyi, da ke fita tare da ilektiron ta tafi da ragowar ƙarfin ba wanda ya gan ta. Enrico Fermi na Italiya ya yaɗa sunanta, niyutirino, ya kuma tsara lissafin da ya fitar da siffar rabon daidai da yadda ake aunawa. Sai a 1956 Frederick Reines da Clyde Cowan suka kama ta a kusa da wata tukunyar nukiliya a Amurka, wato shekara 26 bayan wasiƙar Pauli. Reines ya sami lambar Nobel a kan haka a 1995. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Abin da suka kama ta da shi kuwa tankuna ne na wani ruwa mai ƙyalli.

NA'URAR ƘIRGA ƘYALLI

Akwai abubuwan da in beta ko gama ya shige su sai su yi wani ɗan ƙyalli kamar maƙesu a daren damina. A farkon ƙarni na 20 da ido ake ƙirga irin wannan ƙyalli. Mataimakan Rutherford kan zauna a ɗaki mai duhu har idonsu ya saba, sannan su leƙa madubin ƙara girma suna ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya har kansu ya yi ciwo. A shekarun 1940 aka haɗa abin mai ƙyalli da wani kwalba mai ninka haske, aka huta da wahalar ido. A 1948 Robert Hofstadter ya gano cewa ƙanƙarar gishirin sodiyam ayodaid da aka barbaɗa wa taliyam ta fi dacewa da gama, kuma har yau ana amfani da ita a asibitoci. Shi kuwa beta an fi auna shi da wata irin roba mai ƙyalli, ko ruwa mai ƙyalli, domin roba ba ta cika mayar da ilektiron baya ba, kuma in siririya ce gama yakan ratsa ta ya wuce ba tare da ya dagula lissafi ba.

Ga yadda aikin ke tafiya. Beta ya shiga roba ya tsaya, ya zube duk ƙarfinsa. Robar ta mai da ƙarfin haske, gwargwadon ƙarfi gwargwadon haske. Hasken ya bugi fuskar kwalbar ya kakkaɓo 'yan ilektiron kaɗan. Waɗannan su bugi faranti na farko su kakkaɓo ninkinsu, su ma su bugi na biyu, haka har faranti goma ko fiye, sai ɗaya ya zama kimanin miliyan. Wannan ya isa ya zama bugun lantarki da za a iya aunawa. Daga nan sai wata na'ura ta riƙa rarraba bugun kamar ma'aikacin gidan waya mai jefa wasiƙu a akwatuna: ƙaramin bugu a akwatin farko, babba a akwatin can gaba. Bayan an tara dubbai, sai a zana yawan abin da ke kowane akwati. Zanen da ke fitowa kamar tudu ne, ya hau, ya gangaro, ya ƙare a wani wuri. Wannan shi ne zanen rabon ƙarfin beta, kuma inda ya ƙare shi ne naira 1,000 ɗin nan ta attajiri.

Kafin a amince da ma'auni sai an gwada shi, kamar yadda mai awo ke gwada mudunsa. Ana kawo aisotof da aka san ƙarfinsa, alal misali siziyam-137 wanda ke fitar da wasu ilektiron masu ƙarfin keV 624 daidai, a ga akwatin da suka faɗa. Shi keV ɗin nan shi ne ma'aunin ƙarfi a duniyar atam. Haka kuma dole a ƙirga tururin da ke wurin tun asali, na ƙasa da bango da sararin sama, a debe shi daga lissafi.

Kowane aisotof da iyakarsa, kamar zanen yatsa. Tiritiyam keV 18.6, kabon-14 keV 156, furometiyam-147 kimanin keV 225, kirifton-85 keV 687, sitirontiyam-90 keV 546, amma shi yana haifar da ɗa mai suna itiriyam-90 wanda iyakarsa ta kai keV 2,280.

Mu koma Bompai. A irin wannan ma'aunin kauri galibi ɗaya daga cikin ukun ƙarshe ake sawa. Wani dattijo da ya yi gadi a wurin ya ce an kafa injin wajen 1985. In furometiyam ne, rabin-ransa bai kai shekara 3 ba, ya riga ya mutu murus. In kirifton ne, rabin-ransa kusan shekara 11, abin da ya rage bai kai kashi 10 cikin 100 ba, kuma iska ce, in ta fita takan baje. In kuwa sitirontiyam ne, rabin-ransa kusan shekara 29, wato kimanin kashi 40 cikin 100 na nan daram. Da masana suka kawo na'urarsu suka buɗe 'yar tagar akwatin daga nesa, zanen ya wuce 687 ya ci gaba har ya haura 2,000. Sitirontiyam ne. Wannan sinadari in ya taɓa fata yana ƙona ta, in kuwa ya shiga ciki jiki yakan ɗauke shi tamkar kalsiyam ya ajiye a ƙashi, ya yi ta harbin ɓargo shekara da shekaru. Aka tafi da akwatin a cikin mazubi na musamman. Har yau in na tuna da gudumar da ke hannun yaron nan sai tsigar jikina ta tashi.

Kada a ce ina zuzuta abin. A 1987 a birnin Goiânia na ƙasar Burazil, masu tsintar ƙarfe sun ɗauko wata na'urar asibiti da aka yasar, suka fasa ta, suka ga gari mai shuɗin haske suka rarraba wa dangi. Siziyam-137 ne. Mutum 4 suka mutu, sama da 200 suka gurɓata, aka rushe gidaje. Iyayenmu ma sun san sunan sitirontiyam tun ranar 13 ga Fabrairu 1960, lokacin da Faransa ta fasa bam ɗinta na farko a Reggane cikin Hamadar Sahara, jama'a suka tsorata da abin da iskar hunturu za ta kwaso. Bayan gwaji na uku, Nijeriya ta yanke hulɗar jakadanci da Faransa a Janairun 1961.

MASU DOGON RAI

Sitirontiyam mai surutu ne, cikin 'yan mintoci za ka ji shi. Akwai kuma aisotof masu shiru, waɗanda rikiɗarsu ke da wuyar gani. Mafi kusa da mu shi ne fotasiyam-40. A cikin kowane atam 10,000 na fotasiyam, kusan ɗaya ne kawai irinsa, rabin-ransa kuwa shekara biliyan 1.25. Yana cikin tokar murhu, yana cikin takin zamani, yana cikin ayaba da wake. A jikin babban mutum kimanin atam 4,000 na fotasiyam-40 ke rikiɗa a kowace daƙiƙa. Wato kowane ɗayanmu a zauren nan yana fitar da beta, har shugaban taro. Wannan ba abin tsoro ba ne, da shi aka haife mu. Yawa da kusanci da daɗewa su ne ke mai da tururi guba.

Akwai wanda ya fi wannan nisa. Kadmiyam-113 rabin-ransa ya kai shekara 8 da sifiri 15 a gabanta, wato ya ninka shekarun da masana suka ƙiyasta wa sararin samaniya fiye da sau 500,000. Yaya za a auna abin da ba ya son magana haka? Dabarar ita ce a mai da shi kansa na'urar. Akwai wata ƙanƙara mai ƙyalli da ake haɗawa da kadmiyam da tangistin, saboda haka duk beta da ya fito a cikinta yake fitowa, a cikinta yake tsayawa, babu asara. A 2007 wasu masana na Italiya da Yukiren suka bayyana sakamakon irin wannan awo. Sun sa ƙanƙarar da ba ta kai rabin kilo ba a ɗakin bincike na Gran Sasso, ƙarƙashin dutse mai kaurin kimanin mita 1,400 domin ya tare tururin sararin sama, suka kewaye ta da tagulla da darma, suka saurara fiye da wata uku. Kusan duk daƙiƙa huɗu ake samun ƙyalli ɗaya. Sannu ba ta hana zuwa.

Wani zai ce, to mece ce ribar wannan wahala? Na farko, siffar tudun irin waɗannan aisotof ita ce ma'aunin da ake gwada lissafin masana game da abin da ke cikin ƙwayar atam, kuma da wannan lissafi ake fassara manyan gwaje-gwajen neman nauyin niyutirino. Na biyu, ko an kashe tukunyar nukiliya ba ta hucewa nan take, domin tarkacen da ke cikinta na ci gaba da fitar da beta da gama, zafin da ya kai kashi 6 zuwa 7 cikin 100 na ƙarfinta a daƙiƙun farko. Rashin sanyaya wannan zafi shi ya jawo masifar Fukushima a Japan a 2011. Na uku, likitoci na amfani da itiriyam-90 wajen maganin dajin hanta, kuma ba za a san adadin da za a ba majiyyaci ba sai an san rabon ƙarfin betansa.

MU FA, INA MUKA KWANA?

Ba mu rasa komai ba. Tun 1976 aka yi dokar kafa Hukumar Makamashin Nukiliya ta Nijeriya. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya akwai Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi, inda tukunyar nukiliya ta farko a ƙasar nan, mai suna NIRR-1, ta fara aiki a 2004. Ƙirar Sin ce, ƙarfinta kimanin kilowat 30, ba don ba da wuta aka yi ta ba sai don bincike. Ana sa samfurin ƙasa ko ruwa ko ganye a cikinta, niyutiron su bugi atam ɗinsa, sannan a auna tururin da yake fitarwa a san abin da ya ƙunsa. Ta haka za a iya gano yawan kuromiyam a ƙasar lambun da ake shayarwa da ruwan majema. A 2018 aka sauya mata makamashi daga yuraniyam mai tsananin tacewa zuwa marar tsanani, aka mayar da tsohon ƙasar Sin. Akwai kuma Hukumar Sa Ido kan Harkokin Nukiliya, wadda aka yi dokarta a 1995 ta fara aiki a 2001, ita ke ba da lasisin mallakar irin akwatin da na gani, ita ake kai wa rahoto in an tsinci irinsa.

Abin da ya rage shi ne mutane. Masana'antu da yawa a Bompai da Sharada sun rufe, injunansu na komawa hannun 'yan gwangwan, kuma yawancin yaran da ke fasa su ba su taɓa ganin alamar fukafukai ukun nan a littafi ba.

SHAWARWARI

Saboda haka ina roƙon wannan ƙungiya abu uku. Na ɗaya, mu haɗa kuɗi mu saya wa ɗakin gwaje-gwajen makarantarmu ƙaramar na'urar ƙirga tururi. Ba sai an kawo wani sinadari mai haɗari ba, takin zamani mai yawan fotasiyam ya isa ɗalibi ya ji ƙirgen ya ƙaru da kunnensa. Mu a zamaninmu a allo kawai muka ga wannan darasi. Na biyu, kwamitin ilimi ya rubuta wa cibiyar Zariya ya nemi izinin kai 'yan aji shida ziyara kowace shekara, tafiyar ba ta kai ta kwana ba. Na uku, mu buga alamar nan a takarda tare da bayani cikin Hausa da boko da ajami, mu raba wa shugabannin 'yan gwangwan: in ka ga wannan, kada ka taɓa, kada ka fasa, ka ja da baya, ka kira hukuma. Ni na ɗauki nauyin rubuta bayanin da bugun kwafi 500 na farko.

Daga ƙarshe ina ƙara godiya ga malamanmu. Ranar nan a Bompai ba takardar digirina ce ta sa na gane alamar ba. Zanen da Malam ya yi da alli ne a aji biyar, wata ranar Laraba bayan tara, lokacin da rabin ajin ke gyangyaɗi. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa makarantarmu albarka, ya mai da kowa gidansa lafiya.